Zafi, Sanyi ko Lantarki: Sharhi a kan Ma'aunin da Ake Gwada Hanyoyin Maganin Karkarwar Zuciya da Kateta

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce ta duba manyan gwaje-gwajen da aka yi domin kwatanta hanyoyi uku na maganin karkarwar zuciya da kateta, watau hanyar zafi da hanyar sanyi da hanyar fizgar lantarki. Tambayar da aka fi yi a tarurrukan likitocin zuciya ita ce: wace hanya ta fi? Ni kuwa ina ganin akwai tambayar da ta riga wannan, wato da wane mudu aka auna? Hujjar da zan kafa ita ce, ma'aunin da aka yi amfani da shi a yawancin gwaje-gwajen nan bai isa ya ɗauki nauyin hukuncin da ake ɗora masa ba. Al'amarin kuwa ba na wasa ba ne, domin a kan waɗannan alƙaluma ne asibitoci ke sayen na'urori masu tsada, kuma a kansu ne likita ke gaya wa majiyyaci abin da zai sa rai da shi kafin a zura masa waya a zuciya.

2.0 Cutar da Asalin Maganinta

Abin da nake nufi da karkarwar zuciya shi ne halin da ɗakuna biyu na saman zuciya ke shiga, inda maimakon su matse sau ɗaya tare da kowane bugu, sai su dinga makyarkyata fiye da sau 350 a minti. Bugun zuciya sai ya rikice, mutum ya riƙa jin faɗuwar gaba da haki da kasala. Mafi muni shi ne jini yana iya kwanciya a wani lungu na ɗakin hagu ya guda, gudan ya ɓalle ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa. Binciken Framingham na Amurka ya nuna a 1991 cewa cutar tana ninka haɗarin shanyewar ɓarin jiki kusan sau biyar.

A 1987 James Cox ya fara wata tiyata a birnin St. Louis, inda ake buɗe ƙirji a yayyanka bangon ɗakunan a ɗinke, don tabon da zai fito ya tare hanyoyin da lantarkin ke yawo. To amma abin da ya sauya al'amarin gaba ɗaya shi ne rahoton Michel Haïssaguerre da abokan aikinsa na birnin Bordo a Faransa, wanda ya fito a 1998. Sun duba majiyyata 45, suka gano wurare 69 da ke tayar da karkarwar, kashi 94 cikin ɗari na waɗannan wurare kuwa suna cikin jijiyoyi huɗu masu dawo da jini daga huhu zuwa ɗakin hagu. Daga nan aka fahimci cewa in aka kewaye bakin kowace jijiya da tabo, an yi wa tartsatsin katanga. Ana zura kateta ne ta jijiyar matsematsi har zuciya, a huda bangon da ya raba ɗakin dama da na hagu, a yi aikin daga ciki. Ke nan dukkan hanyoyin uku manufarsu ɗaya ce, bambancinsu yana ga abin da ake yin tabon da shi.

3.0 Hanyoyin Uku a Taƙaice

Hanyar zafi ita ce dattijuwa. Ana sakin lantarki mai saurin kaɗawa daga kan katetar, tsoka ta yi zafi ta wuce digiri 50 ta mutu. Tamkar lalas ne, ɗigo bayan ɗigo, har a haɗa da'ira. Alherinta shi ne likita yana iya zana layi duk inda ya ga dama. Aibinta kuwa tana bukatar gwanin hannu, in aka bar rata tsakanin ɗigo biyu tartsatsi zai samu ƙofa.

Hanyar sanyi tana amfani da balan-balan mai faɗin milimita 28, wadda ake toshe bakin jijiya da ita, a sanyaya ta ƙasa da sifiri da digiri 40 ko fiye na minti uku zuwa huɗu. Da'irar takan fito a tashi ɗaya, koyon aikin kuma ya fi sauƙi. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da ita a 2010.

Hanyar fizgar lantarki ita ce auta. Ana aika fizga mai ƙarfin kimanin bolt 2,000 cikin ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba, ta huhhuda fatar ƙwayoyin tsoka su mutu, ba tare da an dogara ga zafi ko sanyi ba. An ce tsokar zuciya ta fi saurin mutuwa da wannan fizga bisa ga maƙwabtanta, kamar bututun abinci. An ba ta izini a Turai a 2021, a Amurka kuma a Disambar 2023 da Janairun 2024. Yana da kyau a tuna cewa aikin kateta na farko da Melvin Scheinman ya yi wa ɗan'adam a 1981 da girgizar lantarki ne, aka bar ta saboda ɓarnar da take yi. Ashe tsohuwar dabara ce ta dawo bayan an horar da ita.

4.0 Abin da Gwaje-gwajen Suka Ce

Gwaji na farko mai girma shi ne FIRE AND ICE, wanda Karl-Heinz Kuck na Hambog ya jagoranta, aka buga a 2016. An raba majiyyata 762 ta hanyar ƙuri'a tsakanin zafi da sanyi. Bayan shekara guda, aikin ya gaza ga kashi 35.9 cikin ɗari na masu zafi, da kashi 34.6 na masu sanyi. Aikin sanyi ya fi sauri, minti 124 a kan 141, sai dai ya fi cin hasken ɗaukar hoto, kuma mutum goma aka sallama da rauni a jijiyar da ke motsa tantanin numfashi, alhali ba a samu ko ɗaya ba a ɓangaren zafi.

Na biyu shi ne ADVENT, ƙarƙashin Vivek Reddy na New York, a 2023. Majiyyata 607 ne, 305 aka yi wa fizgar lantarki, 302 aka yi wa zafi ko sanyi. An samu nasara ga kashi 73.3 da kashi 71.3 bi da bi. Munanan matsaloli sun auku ga mutum shida a ɓangaren fizga da huɗu a ɗaya ɓangaren, kuma mutum ɗaya ya rasu a ɓangaren fizga bayan kateta ta huda bangon zuciya.

Na uku shi ne SINGLE SHOT CHAMPION na ƙasar Suwizalan, a 2025, mai majiyyata 210. Cutar ta dawo wa mutum 39 cikin 105 na ɓangaren fizga, da 53 cikin 105 na ɓangaren sanyi, watau kashi 37.1 da kashi 50.7 bisa lissafin masu binciken. Wannan ne gwajin da masu son sabuwar hanya suka fi kafa hujja da shi.

5.0 Sharhi

5.1 Ma'anar nasara

Duk gwaje-gwajen nan sun ɗauki ƙa'ida ɗaya: in aka ga karkarwa ta daƙiƙa 30 bayan an wuce kwana 90 na farko, aikin ya gaza. Bari mu auna wannan ƙa'ida da hankali. Mutumin da a da yakan yi awa goma a kowane mako cikin karkarwa, bayan aiki kuma ya yi ta minti ɗaya tak a shekara yana barci, a littafin masu bincike yana sahu ɗaya da wanda aikin bai yi masa komai ba. Wannan daƙiƙa 30 masana ne suka zauna suka yarda da ita don a samu abin ƙirgawa. Ba a ciro ta daga wani bincike da ya nuna cewa a nan ne haɗari ke farawa ba.

Gwajin CIRCA-DOSE na Kanada, wanda Jason Andrade ya jagoranta a 2019, ya fito da wannan rauni fili. An dasa wa majiyyata 346 'yar na'ura ƙarƙashin fata mai sauraron zuciya dare da rana. Bisa ƙa'idar daƙiƙa 30, kimanin kashi 52 zuwa 54 cikin ɗari ne kawai suka tsira, ko da zafi ko da sanyi. Amma da aka auna yawan lokacin da zuciya ke shafewa cikin karkarwa, sai aka ga ga majiyyaci na tsaka-tsaki ya ragu da fiye da kashi 98 cikin ɗari a kowane rukuni. Aiki ɗaya, mutane ɗaya, wani mudu ya ce rabi sun faɗi, wani mudu ya ce kusan an kawar da cutar. Wanda ya kwatanta hanyoyi da mudu na farko kaɗai yana auna abin da majiyyaci bai zo asibiti dominsa ba.

5.2 Wanda ya fi nema shi ya fi gani

Rauni na biyu ya danganci yadda ake neman dawowar cutar. A ADVENT ana sauraron zuciya ne jefi-jefi: ɗan gajeren awo a kowane mako ko in mutum ya ji alama, sai kuma na'urar awa 72 a wata na shida da na goma sha biyu. Karkarwa kuwa sau da yawa takan zo ta tafi mai ita bai sani ba. A SINGLE SHOT CHAMPION an dasa na'urar dindindin. Shi ya sa fizgar lantarki ta samu kashi 73 a gwaji ɗaya, ta samu kashi 63 a ɗayan, alhali na'urar aikin iri ɗaya ce. Saboda haka kuskure ne babba a ɗauko alƙalami daga wannan gwaji a jera shi da na wancan, kamar yadda ake yawan gani a allunan masu gabatar da takardu. Haka kuma, sauraron jefi-jefi yana iya ɓoye bambanci na gaske tsakanin hanyoyi biyu, ya sa su yi kama da juna.

5.3 "Bai gaza ba" da "ya fi"

An tsara dukkan gwaje-gwajen uku ne don a nuna sabuwar hanya ba ta gaza tsohuwa ba, ba don a nuna ta fi ta ba. A irin wannan tsari, masu bincike sukan sa wata iyaka tun farko, su ce muddin ba a faɗa ƙasa da ita ba, an yi daidai. A ADVENT iyakar maki 15 ce cikin ɗari. Watau da lissafi ya bar yiwuwar fizga ta kasa zafi da sanyi da maki 14, da har yanzu an ce ba ta gaza ba. Gaskiya ne sakamakon bai kusanci wannan iyaka ba, to amma faɗinta shi ya ba da damar a yi gwajin da mutum 600 kacal, ƙarancin mutanen kuma shi ya hana a ga ƙaramin bambanci in akwai shi.

Game da SINGLE SHOT CHAMPION, ya cancanci yabo don ya yi amfani da na'urar dindindin. Sai dai a asibitoci biyu aka yi shi, Bern da Basel, bambancin kuwa mutum 14 ne, kuma da ƙyar ya tsallake ƙa'idar lissafi, da 0.046 inda iyaka take 0.05. Da mutum biyu ko uku sun sauya sahu, da maganar fifiko ta rushe. Bugu da ƙari, a shekarar 2025 ɗin aka gabatar da gwajin BEAT PAROX-AF na Turai, wanda ya gwada fizga da hanyar zafi ta zamani, bai kuwa samu fifiko ba, kowane ɓangare ya tashi da kimanin kashi 77 cikin ɗari. Abin da za a iya faɗa da gaskiya shi ne, akwai alamar fizga ta ɗara sanyi, babu shaidar ta ɗara zafi a hannun gwani.

5.4 Da wa aka gwada?

Na'urorin nan suna sauyawa fiye da saurin bincike. A FIRE AND ICE, kimanin kashi uku cikin huɗu na masu sanyi sun samu sabuwar balan-balan ta lokacin, amma kimanin kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai na masu zafi suka samu kateta mai auna ƙarfin dannawa, wadda daga baya ta zama ruwan dare. An haɗa sabon doki da tsohon doki a sukuwa, aka ce sun yi kunnen doki. A ADVENT kuma an haɗe zafi da sanyi a buhu ɗaya, mutum 167 da 135, alhali haɗarinsu ba iri ɗaya ba ne. Adalci ya sa a ƙara da cewa yawancin likitocin ADVENT sababbin hannu ne a fizga, tsofaffin hannu a zafi da sanyi, wanda hakan yana iya rage wa fizga maki. Sannan kamfanin Medtronic ne ya ɗauki nauyin FIRE AND ICE, Farapulse na Boston Scientific kuma ya ɗauki nauyin ADVENT. Wannan ba zargi ba ne ga amanar masu binciken. Abin lura shi ne, mai biyan kuɗi yana da ta cewa a kan tambayar da za a yi, kuma tambayar da kamfani ke bukata don samun izinin sayarwa ita ce ta rashin gazawa.

5.5 Haɗarin da ba a cika gani ba

A nan ne hujjar fizga ta fi ƙarfi, a nan ne kuma ake bukatar tsanaki. Matsalar da likitoci suka fi tsoro ita ce ƙofa ta buɗe tsakanin ɗakin hagu da bututun abinci da ke bayansa. Binciken POTTER-AF na 2023 ya tattara ayyuka 553,729, ya samu irin wannan rauni 138, kuma kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda ya sama sun rasu. A hanyar zafi ya kai kashi 0.038 cikin ɗari, watau kamar mutum ɗaya cikin 2,600. A hanyar sanyi kashi 0.0015 ne, kamar ɗaya cikin 66,000. A bayyane yake cewa gwajin mutum 300 a kowane ɓangare ba zai iya cewa komai a kan wannan ba.

Shi ya sa aka koma ga rajistar MANIFEST-17K ta 2024, mai majiyyata 17,642 da aka yi wa fizga, inda ba a samu raunin bututun abinci ko ɗaya ba, ba a samu tsukewar jijiyar huhu ba, ba a kuma samu shanyewar jijiyar numfashi mai ɗorewa ba. To bari mu yi lissafi. Da haɗarin fizga daidai yake da na zafi, da an sa ran ganin mutum shida ko bakwai. Rashin ganin ko ɗaya shaida ce mai nauyi. Amma da daidai yake da na sanyi, da ba a sa ran ganin ko mutum ɗaya cikakke ba. Ke nan rajistar ta nuna fizga ta fi zafi aminci ga bututun abinci, ba ta nuna ta fi sanyi ba. Haka nan, asibitocin ne da kansu suka ba da rahoton abin da ya faru bayan an gama, irin wannan rahoto kuwa yakan rage ƙidayar matsala, bai cika ƙara ta ba.

Rajistar ta kuma tono haɗarin da ba a san shi da zafi ko sanyi sosai ba: tsukewar jijiyar da ke ciyar da zuciya na ɗan lokaci ga kashi 0.14 cikin ɗari, da fashewar jajayen ƙwayoyin jini har mutum biyar suka bukaci wankin ƙoda. Hanyar zafi ta yi fiye da shekara 25 ana tattara laifuffukanta, fizga kuwa ba ta kai goma a jikin ɗan'adam ba. Wanda aka daɗe ana bincikarsa dole kundinsa ya fi kauri.

5.6 Su wa aka gwada, kuma don me?

Majiyyatan gwaje-gwajen uku duk masu karkarwa mai zuwa tana tafiya ne. Ga masu karkarwar da ta zauna, sakamako ya fi rauni, kuma akwai darasi a tarihinsu. Shekaru da dama likitoci sun yi imani cewa ƙara layuka da ƙona wasu wurare a ɗakin hagu yana ƙara nasara, har gwajin STAR AF II na Atul Verma ya zo a 2015 da majiyyata 589. Kewaye jijiyoyi kaɗai ya ba da kashi 59 cikin ɗari, ƙarin aiki ya ba da kashi 49 da 46. Yanzu da fizga ta sa ƙarin aiki ya zama mai sauƙi da sauri, akwai tsoron a koma gidan jiya, a riƙa yi don ana iyawa.

Haka kuma babu ɗaya daga cikin gwaje-gwajen kwatancen nan da aka tsara don ya nuna wace hanya ta fi hana mutuwa ko shanyewar jiki. Ko tsakanin aikin kateta da shan magani, gwajin CABANA na 2019 mai mutum 2,204 ya samu kashi 8.0 da 9.2, bambancin da bai kai ƙa'idar lissafi ba, ko da yake fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na masu magani sun koma an yi musu aikin. Ga masu raunin zuciya ne CASTLE-AF na 2018 ya nuna amfani a sarari, da kashi 28.5 a kan 44.6 na mutuwa ko kwanciya asibiti.

Akwai kuma wani giɓi da ya shafi nahiyarmu kai tsaye. Rajistar RE-LY da aka buga a 2014, mai majiyyata 15,400 daga ƙasashe 46, ta nuna cewa lalacewar ƙofofin zuciya mai biyo bayan zazzaɓin gaɓoɓi tana tare da kashi 21.5 cikin ɗari na masu karkarwa a Afirka, alhali a Arewacin Amurka kashi 2.2 ne. Irin waɗannan majiyyata, waɗanda ɗakinsu na hagu ya buɗe ya cika da tabo, su ne ake cirewa daga gwaje-gwajen kateta tun a bakin ƙofa. Malamin da zai koyar da waɗannan alƙaluma ga ɗalibanmu wajibi ne ya gaya musu a kan wa aka samo su.

6.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata ana iya tsayar da abubuwa huɗu. Na ɗaya, ga mai karkarwa mai zuwa tana tafiya, hanyoyin uku suna kusa da juna wajen nasara, kuma dukkansu suna rage nauyin cutar ƙwarai. Na biyu, fizgar lantarki ta fi sauri, ta kuma fi zafi aminci ga bututun abinci da jijiyoyin huhu, ta fi sanyi aminci ga jijiyar numfashi, amma ta zo da nata haɗarin. Na uku, fifikonta wajen hana cutar dawowa yana rataye ne a kan ƙaramin gwaji ɗaya da aka yi da sanyi. Na huɗu, ba a gwada su ba a kan abin da ya fi damun majiyyaci, watau tsawon rai da tsira daga shanyewar jiki.

Shawarata ga masu bincike ita ce a mai da yawan lokacin karkarwa babban ma'auni, a auna shi da na'urar dindindin, a bi majiyyata shekara uku zuwa biyar, a wajabta rubuta kowace matsala a rajista mai zaman kanta, a kuma shigar da masu karkarwar da ta zauna da masu lalatattun ƙofofin zuciya. Ga asibitin da ke da gwanayen hanyar zafi ko ta sanyi kuwa, shaidar da ke hannu ba ta tilasta masa ya watsar da abin da ya iya ba. In zai sauya, ya sauya bisa dalilin aminci da sauri, ya kuma gaya wa majiyyatansa cewa wannan ne dalilin.